Tsufa a Shekarar Korona

Jama'a masu sauraronmu a Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, da mutanen Babura har zuwa bakin iyaka, da 'yan'uwanmu na Nijar da muryar nan ke iskewa, barkanmu da war haka.

Sharhinmu na yau kan tsofaffi ne, da irin zaman da suka yi a shekarar korona. Na san wani zai ce, haba Malam, abin da ya wuce me za a tono a cikinsa? Ai Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun ranar 5 ga Mayun 2023 ta janye dokar ta-ɓacin da ta ayyana kan cutar. Haka ne. Amma an yi lissafin asarar 'yan kasuwa, an yi na ɗalibai, an yi na gwamnati, har yau ban ji an zauna an yi na dattijon da aka ce dominsa aka kafa dokokin ba. Mu da muka haura saba'in aka ce cutar ta fi kayarwa, aka tsara yadda za a kare mu, amma ba wanda ya leƙo zaure ya ce Baba, kai ya kake gani?

Ku tuna yadda abin ya faro. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da cewa wani ɗan Italiya ya shigo da ita Legas. Mu a majalisar ƙofar gida sai muka mai da ita abin hira. Wannan ya ce cutar masu hawa jirgi ce. Wancan ya ce bari ta zo, ranar Babura ta watan Afrilu kaɗai ta ishe ta. Ranar 11 ga Afrilu ta ɓulla a Kano. Ranar 17 ga wata ta ɗauke Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, sai masu cewa ta manya ce suka ƙara samun abin faɗa. To amma mutumin Kazaure ya san Kano ba nisa gare ta ba. Motar da ta tashi da asuba ta bi ta Ɗambatta, kafin hantsi ta dawo da kaya da mutane. Gemun ɗan'uwa ya riga ya kama wuta, mu kuwa muna ta gardamar ko akwai wutar. Kafin watan ya ƙare aka ce an samu mai ɗauke da ita daga nan yankin, Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa dokar kulle a ƙaramar hukumar Kazaure, muka shiga sahun farko na waɗanda aka rufe a Jigawa. Ranar 24 ga Afrilu aka tashi da azumi.

Abin da ya fara ba mu wuya shi ne hannu. Ga yaro, musabaha sakan biyu ce, a taɓa a wuce. Ga dattijo kuwa aiki ce mai zaman kanta. Za ka kama hannun ɗan'uwanka, ka saki, ka kai ƙirji, ka sake kamawa: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ƙafar nan taka, ya muka ji da zafi, ya haƙurin rashin wane. A cikin riƙon nan ne kake jin ko jikinsa da zazzaɓi, ko ya rame, ko yana riƙe da kai a zuci tun rikicin iyakar gona na bara. Rana ɗaya aka ce a daina. Wai a haɗa gwiwar hannu, wai a taɓa ƙafa da ƙafa. Jama'a, ku dubi Allah, dattijo mai sanda, da ƙyar yake tsayuwa da ƙafa biyu, a ce ya ɗaga ɗaya ya gaisa? Sai muka koma dunƙule hannu muna jinjina wa juna daga nesa. Hannun kuwa bai san doka ba. Kana cikin gaya wa mutum cewa an hana musabaha, sai ka ga tuni hannunka na cikin nasa. Akwai aminan shekara hamsin da suka yi wata guda ba sa ga-maciji, don ɗaya ya miƙo hannu ɗayan ya noƙe. Wanda aka noƙe wa ya ce, yau ni wane yake ƙyama? Sai da liman ya shiga tsakani.

Sai takunkumi. Teloli sun samu kasuwa, da guntun atamfa da shadda da roba aka rufe fuskar gari. Wanda ya ƙirƙiro shi dai bai yi shawara da mai tabarau ba. Kana numfasawa gilashin ya yi hazo, ka cire tabarau ba ka gani, ka mai da shi ba ka gani. Bai kuma yi shawara da mai cin goro ba. Wani aminina a Unguwar Gabas, mutum mai tsafta da son farin kaya, ya ɗinka farin takunkumi don ya dace da babbar riga. Bayan shan ruwa ya jefa ɓarin goro a baki ya mai da takunkumi. Kafin isha'i jikarsa ta fito da gudu tana kururuwa, wai Kaka na aman jini. Gida ya rikice, mata na salati, shi kuwa yana zaune yana tambayar wa ya mutu.

Wannan na dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne na kunne. Da yawanmu ba mu san rabin jinmu da ido muke yi ba sai da aka rufe bakuna. Mai nauyin kunne leɓe yake karantawa ya cike abin da ya kuɓuce masa. Da aka rufe leɓe, aka kuma ce a ba da tazara, sai tsoho ya wayi gari kurma. Ma'aikaciyar asibiti na bayanin magani ta bayan ƙyalle, tana nesa da kai, kana gyaɗa kai don kunya, ka koma gida ba ka san ko biyu za ka sha da safe ko ɗaya ba. Wa ya ƙirga waɗanda wannan ya kwantar?

A ƙofar wani banki na ga an ɗora wa wani dattijo na'urar auna zafi a goshi, irin mai kama da ƙaramar bindiga. Bawan Allah ya sunkuya da sauri har hularsa ta faɗi, yana cewa ɗan nan me na yi maka? Mai gadin ya tuntsire da dariya, layi ma ya ɗauka. Da ya ce masa Baba, zafin jikinka zan duba, da shi ke nan. Kalma biyar ta gagara.

Shi kuwa ruwan goge hannu na kwalba, wanda yara ke kira sanitaiza, sai da ya raba majalisa biyu. Aka ce akwai sinadarin barasa a ciki, aka shiga muhawarar ko wanda ya shafa zai iya salla bai wanke ba. Wata tsohuwa a gidanmu ta ji ƙamshinsa ta adana shi cikin kayan turare, sai za ta unguwa take ɗan ɗiga wa mayafi. Ni dai a ganina, da an ce mana a ƙara sabulu kusa da buta, da an fi saurin fahimtar juna, tunda mutumin da ke alwala sau biyar a yini ba baƙon wanke hannu ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne moɗa ɗaya a bakin randa, da kwano ɗaya da mutum shida ke sa hannu, da ludayin fura da ke zagaya majalisa. Waɗannan kuwa ban ji sanarwar da ta ambace su da sunansu ba. Fassarar sanarwar Abuja aka yi ta karanta mana.

Aka rufe masallatai. Jama'atu Nasril Islam, ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, ta ce a dakatar da taron tafsiri da tarawihin jam'i, kowa ya yi a gidansa. Nan fa asirin wasu ya tonu. Mutum ya shekara arba'in a sahun farko, bayan liman daf, ana ganinsa ana cewa Malam. Yau ga shi a tsakar gida, mata da 'ya'ya da jikoki sun yi sahu a bayansa, sai ya tarar surorin da ke kansa ba za su kai shi raka'a goma ba sai da maimaici. Wani ya ba ni labari da bakinsa, yana dariya har da hawaye, cewa jikansa ɗan shekara goma sha biyu, ɗan Islamiyya, shi ya riƙa ɗora shi in ya sarƙe. A dare na uku uwargida ta ce, Malam, tunda yaron nan ya fi ka, ka bari mana mu huta. Ya ce wallahi bai taɓa komawa karatu da himma irin ta wannan azumin ba.

Zaman gidan kansa wani darasi ne. Namijin Bahaushe baƙo ne a gidansa tsakanin hantsi da magariba. Daga gona sai kasuwa, daga masallaci sai gindin dalbejiya. Da aka ce zauna a gida, sai ga mu a tsakar gida muna sa ido: wannan itacen ya yi yawa, wannan man ina za a kai shi, me ya sa akuya ke kwance? Ba a yi mako ba matan suka gaji. Alhaji, don girman Allah koma zaure. Muka koma zaure, mu da rediyo, muna jiran alƙaluman da hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ke fitarwa can cikin dare, mu ji Jigawa nawa, Kano nawa, Katsina nawa.

To, a nan dariya za ta tsaya. A ƙarshen Afrilun nan Kano ta shiga wani hali. Masu haƙar kabari suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Malamai, 'yan boko, 'yan kasuwa, masu sarauta, kullum sai sanarwa. Ɗakin gwajin cutar da ke Kano ya tsaya na wasu kwanaki a daidai lokacin, asibitocin kuɗi da dama suka rufe ƙofa don tsoro. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe Kano ruf na mako biyu. Daga baya, a watan Yuni, Ministan Lafiya Dakta Osagie Ehanire ya ce binciken da aka yi ya gano mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana jin suna da nasaba da korona, kuma akasarinsu sun haura shekara 65. An ji irin wannan kuka daga Haɗeja ma. Wane gida ne a Kazaure ko Roni ba shi da ɗan'uwa a Fagge ko Kurna ko Rijiyar Lemo? Sa'o'inmu ne suka tafi, waɗanda muka yi makarantar allo tare, waɗanda muka yi wa abokin ango.

Kuma ba mu je ba. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mana rai. Aikin tsoho a gari ai shi ne wannan: ya raka gawa, ya zauna zaman makoki, ya karɓi gaisuwa, ya raba gado, ya sasanta ma'aurata, ya raɗa wa jariri suna. Ba ya noma kamar da, ba ya ɗaukar kaya, amma wannan nasa ne. Dokar kulle ta sallame shi daga aiki ba tare da sanarwa ba. Gaisuwar mutuwa ta koma ta waya: Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri, kafin ka kai ga halinsa na gari ya bi shi, kati ya ƙare. Likitoci sun yi gaskiya da suka ce taro na yaɗa cuta, ban musa ba. Amma akwai dattawan da korona ba ta taɓa ba, zaman shiru ya karya su. Suka daina fita, ƙafa ta riƙe, magana ta ragu, da aka buɗe gari ba su ƙara komawa majalisa ba.

Ga kuma masu hawan jini da ciwon suga, waɗanda a da kowane wata suke zuwa a auna su a sabunta musu magani. Hanya a rufe, asibiti ana tsoronsa, wanda ya yi tari a layi kowa ya watse. Sai aka koma jiƙe-jiƙe da sirace da ganyen dalbejiya da citta da lemon tsami. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 3,155 korona ta kashe a Nijeriya baki ɗaya. Wanda aka gwada ke nan. Mu kuwa mutum ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, ba gwaji, ba takarda. A ce ciwon tsufa ne, a shafa fatiha.

Kada a ce na manta da iyayenmu mata, don su suka fi shan wuya kuma su aka fi mantawa. Tsohuwar da ke ƙauyen Gwiwa ko Amaryawa ko Kanya Babba ba ta da fansho. Jarinta daddawa ce, da ƙuli-ƙuli, da kuka da kuɓewa busasshiya, da 'yar akuyar da take kaiwa kasuwa in ta matsu. Aka hana cin kasuwannin mako. Iyakar Nijar kuwa dama tun watan Agustan 2019 take rufe, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020. Ɗanta da ke ci-rani a Legas ko Fatakwal, mai turo mata dubu biyu dubu uku, shi ma yana kulle, ba ya ko iya dawowa, don an hana zirga-zirga tsakanin jihohi har 1 ga Yuli. Aka yi ƙaramar salla ranar 24 ga Mayu ba hawa, ba 'ya'ya, ba jikokin birni. Aka ce ana rabon tallafi. Wanda ke da ƙarfin turereniya ya samu, mai sanda ta koma da buhunta a ninke. Sai a watan Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, muka ji an fasa rumbuna a jihohi da dama an tarar da abincin tallafi jibge. Ranar nan tsofaffi da yawa sun yi Allah ya isa.

Abin mamaki, a watan Disambar wannan shekara, cutar na dawowa zagaye na biyu, gwamnatin da ta ce mu guji taro ita ce ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar katin ɗan ƙasa ko a rufe layin. Sai ga dattawa a layi tun asuba, kafaɗa da kafaɗa, cikin hunturu. In an kai kanka kuma na'ura ta ƙi karɓar yatsa, don fartanya ta shafe zanen tun tuni. A ce Baba goga a riga, Baba shafa a goshi, Baba dawo gobe.

Akwai wani rashin da ba a cika ambata ba. A 2020 Saudiyya ta hana maniyyata daga waje zuwa aikin Hajji. A 2021 ma haka, mazauna ƙasar kaɗai, mutum 60,000. Da aka buɗe a 2022, sai aka ce ban da wanda ya haura shekara 65. Ku auna wannan. Wa ke zuwa Hajji daga karkararmu in ba wanda ya shekara ashirin yana tara kuɗin gyaɗa da riɗi da na sa ba? Shekara uku a jere ƙofa na rufe gare shi. Da aka cire sharaɗin shekaru a 2023, kujera ta yi tsada, wasu ƙafa ta ƙi, wasu kuma suna ƙasa. Allah ya ba su ladan niyya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauko zancen. An ɗauke mu a matsayin masu taurin kai da za a lallaɓa, alhali a duk garin mu ne muka fi kowa ganin annoba da idonmu. Kakanninmu sun ba mu labarin marisuwa, murar 1918 da ta kashe mutane wajen 500,000 a Nijeriya. Mu kanmu mun ga agana. Mun ga yadda a ƙauyuka ake yi wa mai ita bukka a bayan gari, a sa wanda ya taɓa yi ya warke ya riƙa kai masa abinci. Wannan ba killacewa ba ce? Mun ga masu lamba sun zo ƙarshen shekarun 1960, muka yi layi, ga tabon nan a damtsenmu har gobe, kuma a 1980 aka ce agana ta ƙare a duniya. Mun ga sanƙarau na 1996. Malamanmu kuma sun san Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Duk abin da ake buƙata don a shawo kan mutane yana nan cikin zaurukanmu. Da an tara dattawan kowace unguwa tun makon farko an ce ku gaya wa yaranku yadda aka yi da agana, da samarin da ke yawo suna ihun babu korona sun samu mai tsawata musu.

Da allurar rigakafi ta iso ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4 ta AstraZeneca, an sake ganin haka. Masu waya suka cika gari da labari: wai tana hana haihuwa, wai wanda aka yi wa ba zai shekara biyu ba. Tsoron yana da tushe, don mutanen ƙasar Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara a 1996 ba. Amma na ga tsohon da ya naɗe hannun riga a gaban 'ya'yansa ya nuna musu tabon lamba, ya ce wannan ta fi shekara hamsin, bayanta na haife ku ku goma sha ɗaya, ku matsa in wuce. Irin wannan magana ta fi motar lasifika aiki. Ita ce hanyar da aka bi da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai har aka ga bayan shan-inna, aka tabbatar da haka a watan Agustan 2020, korona na tsaka.

Don haka ga roƙona. Ga hukumomin lafiya na ƙananan hukumominmu: a sa ranar auna hawan jini da suga ta tsofaffi a kowane ƙaramin asibiti, a kuma tanadi yadda magani zai iske su gida duk ranar da hanya ta sake rufuwa. Ga masu unguwanni da limamai: a buɗe littafi a riƙa rubuta wanda ya rasu, da shekarunsa, da abin da ya yi jinya, don kada wata annobar ta zo ta wuce muna musun ko ta zo. Ga ɗaliban kwalejin Hussaini Adamu da sauran samari masu manyan wayoyi: ku zauna da kakanninku ku naɗi muryarsu, su ba ku labarin agana da na sanƙarau da na korona tun suna iya bayarwa. In kuma akwai tsoho a unguwarku da ya daina fitowa tun wancan lokaci, ku shiga ku gaishe shi yau, ku ɗaga murya yadda zai ji.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.